Ƙusoshin Birki Biyu da Tafiyar Inna Tarka

Kun sha jin mutanen Gangara suna cewa babu ƙarfen da ya taɓa gagarar ubanku, kuma na ga yadda kuke washe baki in aka faɗa. Ni ma na daɗe ina washewa. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni, ina so ku san inda maganar nan ta samo asali, don ba yadda ake ba ku ita take ba. Uwarku Dije tana zaune kusa da ni tana tsinkar zogale, ta ce in na rubuta wannan babin ba za ta ƙara dama mini fura ba. Na ce na ji. Zan rubuta.

Abin ya faru ne shekara ta biyu bayan babban farin nan da ya cinye dabbobin Damargu. Ruwa ya dawo, gero ya yi, mutane sun fara dariya da baki duka. A shekarar ne na bar Damagaram na dawo gida. Maigidan da na yi wa tuƙi shekara tara ya sayi sabuwar mota, ya sallame ni da tsohuwar, wata akori-kura da a wajenmu ake ce wa bashe. Fentinta ya koɗe har ba a iya cewa ga launinta, ƙofar dama kuma da igiya ake ɗaure ta, amma in ta tashi ana jin ta tun daga rijiyar bayan gari. Da ita nake kwasar gero da 'yan kasuwa tsakanin Gangara da Tanut. Mutane suna kirana bakanike, ni kuwa ban ce musu a'a ba. Gaskiyar ita ce tuƙi na iya. Gyara kam, na tsaya dai a kan masu gyara ina miƙa musu ƙarfe, ina gyaɗa kai.

Mu uku ne a gidan: ni, da Dije, wadda lokacin watanta bakwai da tarewa, da kakarku Inna. Ni ne autanta, kuma Auta take kirana har ta koma ga Allah. Inna mace ce gajera mai kaifin murya. Ba ta ƙi Dije ba, amma ba ta sake da ita ba, don Dije 'yar maƙera ce daga wani ƙauye gabas da mu, Inna kuwa ta so mini 'yar manoma. "Amarya" take ce mata, daga nan sai aike. Akwai kuma abin da ke cin Inna a rai wanda babu mai taɓa shi a gidan. Ƙanenta, Kawu Habu, ya kora shanun gidansu duka ya yi kudu lokacin fari, har da na gadonta, kuma shekara huɗu ba shi ba labarinsa. Wasu sun ce ya mutu a hanya. Inna ta hana a yi masa sadaka. Duk wanda ya kawo zancen sai ta tashi ta shiga ɗaki.

To, ana saura kwana kaɗan damina ta sauka, birkin bashe ya yaudare ni. Ina gangarawa wani kwari da buhunan gero, na taka, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka cikin kunu. Allah ya sa akwai rairayi mai zurfi a gefe, na karkata na binne ta a ciki. Babu wanda ya ji ciwo, amma wata mata da ke baya rungume da jariri ta yi mini wani irin kallo da har yau ina tuna shi. A wurin na yi wa Allah alkawari ba zan ƙara ɗaukar ɗan Adam ba sai na gyara. Da na duba, na ga man birki yana yoyo ta ƙafar gaba ta dama. Na yi saƙo Damagaram aka kawo mini robobin ciki da takalman birki da gwangwanin mai. Na ajiye su ƙarƙashin gado. Kullum sai in ce gobe, don ban taɓa buɗe wurin da hannuna ba, kuma ba na son Gangara ta gane.

Ana nan sai ga wani Buzu a kan raƙumi da la'asar, yana tambayar gidan 'yar'uwar Habu. Ya ƙi sauka sai da Inna ta fito. Ya ce Habu yana raye. Ya gan shi da idonsa a kwarin Tarka, yana kiwon shanun wani mutum. Jibi zai ci kasuwar Tarka, yana gamawa kuma za su kora arewa bin sabuwar ciyawa, sai bayan kaka.

"Shi ya aiko ka?" in ji Inna.

"A'a, uwa. Cewa ma ya yi kada in faɗa. Ya ce ba shi da idon da zai dube ki. Ni ne na ga bai dace ba."

Inna ta zauna a ƙasa a nan ƙofar gida, ta rufe fuska da mayafi. Mun zaci kuka take. Da ta buɗe sai muka ga dariya ce da hawaye tare. Ta sa Dije ta kawo wa baƙon fura har ƙwarya biyu, sannan ta juyo gare ni.

"Auta, tayar da motar."

"Inna, ba birki."

"Ina ruwana da birki? Tafiya za mu yi, ba tsayuwa ba."

"Inna, akwai kwari biyu tsakaninmu da Tarka. Na yi alkawari. Ki ba ni gobe ɗaya, in gyara, jibi da asuba mu kama hanya."

"In ba ta gyaru ba fa?"

Jaki ba zai kai tsohuwa Tarka kafin kasuwa ta watse ba, kuma a duk yankin babu wata mota da za ta bi ta wajenmu kafin mako. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Inna a'a ba sai ran nan. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tashi, ta kaɗe zanenta, ta shige. Tuwon da aka kai mata ya dawo yadda aka kai shi. Da safe na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango.

Hantsi bai yi ba na riga na ɗaga motar da jak a ƙarƙashin bishiyar bedi da ke bayan gidanmu, na tokare ta da kututture, na cire taya. Bayan tayar akwai wani ƙarfe mai kama da tukunya a kife, shi ake ce wa tambur, birkin yana cikinsa. Ƙusoshi biyu masu murɗi ne kawai suke riƙe da shi, kowace kanta bai fi ƙwayar gurjiya ba, da tsaga ɗaya a tsakiya inda ake sa bakin turnabis, abin da mutanen Kano ke ce wa sukurudireba. Na yi murna. Na ce a raina, ashe abin nan da masu gyara ke yi wa fankama ke nan. Na sa turnabis na murɗa. Kamar na murɗa dutse. Na sa hannu biyu. Na cije. Tsatsar shekara da shekaru da zafin birki sun haɗa ƙusoshin da tambur sun zama abu ɗaya.

Kafin a jima maza sun cika gindin bishiyar, don a lokacin gyaran mota kallo ne. Kowa da maganinsa. Wani ya ce in zuba kananzir, na zuba. Wani ya ce man gyaɗa ya fi, na shafa. Wani ya ce ruwan tsamiya yana cin tsatsa, aka jiƙa aka kawo. Wani tsoho ya tofa mata addu'a, ya ce in jira kaɗan. Na jira. Daga baya na kama ƙotar turnabis da filaya, na dafa da ƙirji, na juya da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Wani abu ya motsa, mutane suka yi kabbara. Da na duba, ba ƙusar ce ta juya ba. Tsagar kanta ce ta cinye, ta zama rami mai santsi, babu inda turnabis zai kama. Na koma kan ta biyu a fusace, na yi mata irin wannan ɓarnar. Rana ta take, masu kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa Allah ya kawo sauƙi. Da aka kira azahar ni kaɗai na rage, zaune a rairayi, hannuwana sun yi kanta, ina kallon ƙusoshi biyu da za su hana uwata ganin ƙanenta.

Sai ga Dije da ƙwaryar fura. Ta ajiye, ba ta koma ba. Ta tsuguna nesa kaɗan tana leƙen tambur ɗin. Ta miƙa yatsa ta shafa kan ƙusar.

"Malam, in yi magana?"

"In dai ruwan tsamiya ne, an riga ki."

"Ba jiƙa take so ba. Wuta take so."

"Wuta? Kusa da roba da mai? So kike ki ƙone mini mota?"

"Ba a kai mata wutar. Ƙarfe ake gasawa, a ɗora mata a ka. Ita kaɗai za ta sha zafin. Haka Baba yake yi wa bindigar maharba in ƙusarta ta kafe."

Na so in ce mata ta koma madafa. Kalmar ta zo har bakina. Amma na waiwaya na ga babu kowa, ga rana tana tafiya, sai na ce ta gwada. Abin da ban sani ba sai ran nan, babanta bai haifi ɗa namiji ba sai a ƙarshe, saboda haka ita ce ta yi masa zuga tun tana 'yar shekara bakwai har aka ɗaura mata aure. A wajenmu mace ba ta ƙira. Amma babu wanda ya hana ta kallo, kuma Dije ta yi shekara goma tana kallo. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin aurenta. Can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, ta fito da ƙunshin tsumma. A ciki akwai awartaki, da 'yar masaba, da kurfi, ɗan ƙarfen nan mai kaifin baki da maƙera ke saran ƙarfe da shi. Babanta ne ya sa mata su ranar da za a kawo ta, ya ce ko ba ta yi aiki da su ba ta riƙa tunawa da gida. Wata bakwai ta ɓoye su don kada Inna ta gani.

Ta haƙa ɗan rami, ta zuba gawayi, ta sa ni fifita da faifai. Ni da ake kira bakanike, ga ni gurfane ina yi wa matata zuga. Ta zaɓi wani guntun ƙarfe mai kauri daga tarkacena ta tura cikin wuta har ya yi ja kamar gauta. Ta ɗauko shi da awartaki, ta danna bakinsa a kan ƙusar, ta riƙe. Kananzir da man gyaɗan da na shafa suka yi hayaƙi. Ya huce ta mayar, ta sake ɗaukowa. Sau huɗu. Ba ta gaggawa, ba ta magana, fuskarta ta canja gaba ɗaya. Amaryar da ke sunkuyar da kai a tsakar gida ta tafi, wata ce daban a gabana.

"Da akwai kakin zuma," ta ce, kamar da kanta take magana, "da ya bi zaren ƙusar ya shiga ciki."

Inna kaɗai ce take da kakin zuma a gidan, kuma ba ta magana da ni. Muka dubi juna. Sai muka ji wani abu ya faɗo a rairayi, tim. Dunƙulen kaki ne kamar ƙwan zabo, an jefo shi ta saman danga. Ashe Inna tana tsaye a bayan dangar tun ɗazu, tana leƙe ta tsakanin kara.

Dije ta goga kakin a kan ƙusar mai zafi, ya narke ya shige. Ta kafa bakin kurfi a gefen kan ƙusar, ba a tsakiya ba, ta buga har ya yi ɗan gurbi. Sannan ta kwantar da shi ya kalli hagu, ta shiga bugu. Ba irin nawa bugun na fushi ba. Ƙanana, a jere, tana sauraro. Tak, tak, tak. Na fara cewa a raina wannan ma ba za ta yi ba. Sai ƙarar ta sauya, aka ji wani ɗan ƙiiƙ kamar kukan ɓera.

"Ta amsa," in ji Dije.

Ta ƙara bugu uku, ta ajiye masaba, ta sa yatsa biyu da tsumma ta warware ƙusar kamar mai cire ɗan kunne. Ta ɗora mini a tafin hannu, da sauran ɗuminta. Sai guɗa ta tashi daga bayan danga. Inna ce. Ta zagayo da sauri har mayafinta yana faɗuwa, ta tsaya a kan Dije.

"Amarya, saura ɗayar. Auta, kai kuma me kake kallo? Fifita!"

Maganar farko ke nan da ta yi mini tun jiya, kuma ban taɓa jin daɗin tsawa irin wannan ba. Ta biyun ta fi taurin kai. Sau shida aka gasa mata ƙarfe, kurfi ya zame sau ɗaya ya ɗauke wa Dije fatar babban yatsa. Tabon yana nan, ku ce ta nuna muku. Ta tsotse jinin ta ci gaba. Da ƙusar ta fita, muka buga tambur ya saki, ga robar da ta tsage a fili. Wannan kam na san yadda ake yi, don na ga an yi. Na sa sababbin robobi da takalma, na wanke wurin, na mayar da tambur.

Saura fitar da iska daga cikin man birki, aikin da ke son mutum uku: mai kwance ɗan noti a bayan ƙafa, mai ƙara mai, da mai taka birki. Na kwanta a ƙasa, Dije ta riƙe gwangwani. Kafin in ce a kira maƙwabci, Inna ta riga ta kama ƙofa tana hawa. Da ta zauna ƙafarta ba ta kai birki ba, sai da muka cusa mata buhun dusa a baya.

"Inna, taka! Taka! Riƙe!"

"Na riƙe. Kada ka yi mini ihu, ni na haife ka."

"Saki!"

"Ka ce riƙe, ka ce saki. Ka tsaya a magana ɗaya mana!"

Dije ta yi ta dariya har mai yana zuba a hannunta, ni ma ina dariya a ƙarƙashin mota rairayi yana shiga bakina. Can Inna ta ce abin ya yi tauri, ya ƙi takuwa, ko ta lalata? Na ce Inna, kin gyara ke nan.

Da la'asar sakaliya maza suka dawo ganin yadda na ƙare. Dije ta riga ta kwashe kayanta ta shige, an rufe ramin wuta. Suka tarar taya a jikin mota, ƙusoshi biyu a kan tsumma. Aka yi ta juya su daga hannu zuwa hannu. Tsohon da ya yi tofi ya ce dama ya sani. Wani ya dafa kafaɗata ya ce wallahi babu ƙarfen da zai gagari mutumin nan. A nan ne aka fara faɗin maganar. Na buɗe baki, na tuna abin da za a ce a dandali in aka ji matar bakanike ce ta yi masa aiki, sai na rufe. Na ce, "Ai sai godiyar Allah." Shirun nan nawa ne, ba na kowa ba, kuma ya daɗe fiye da yadda ya kamata. Duk wata ƙusa da ta kafe a garejin da na buɗe daga baya, cikin gida ake shiga da ita wajen Dije da sunan za a jiƙa ta a mai.

Washegari muna idar da sallar asuba muka tashi. Inna ta ce Dije ma za ta, ta kuma sa ta a tsakiyarmu a gaba. Hanyar rairayi ce da ƙaya, sararin sama ya yi nauyi da hadari ta gabas. Da muka zo gangaren farko na taka birki, motar ta kama kamar an ja linzamin doki. Da hantsi muka shiga Tarka, kasuwa ta cika da raƙuma da Fulani da masu cuku. Muka nufi wajen shanu. Ni ban gane Kawu Habu ba. Wani ramammen mutum ne da furfura, jingine da sanda, rawaninsa ya yage. Inna kuwa tun daga nesa ta ce in tsaya, ba ta jira in zagaya in kwance mata igiyar ƙofa ba, ta haura kan Dije ta bi ta ƙofata ta sauka.

Da ya gan ta sandar ta faɗi. Ya durƙusa a cikin kashin shanu, ya kama gefen zanenta.

"Yaya, shanun... ko ɗaya ban dawo da ita ba. Na ga suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Har jar nan taki."

"Rufe mini baki, Habu. Saniya na yi shekara huɗu ina jira? Tashi in gan ka. Dubi yadda ka rame kamar kara. Ba sa ba ka nono ne?"

Ta kama kunnensa, dattijo mai furfura, ta ja shi tsaye, sannan ta rungume shi a tsakiyar kasuwa. Masu cinikin shanu suka bar ciniki. Wata Bafulatana ta ajiye ƙwaryarta ta yi guɗa ba tare da ta san ko su wane ne ba. Muka zauna a inuwar mota har rana ta karkata, suna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda aka haifa, suna kuka suna dariya. Ya yi alkawarin in ya mayar da amanar mutane bayan kaka zai dawo Gangara, kuma ya dawo. Shi ne Kawun da ya yi wa manyanku kiwon awaki. Da ya juyo yana sa mini albarka don na kawo ta, Inna ta katse shi. Ta kamo hannun Dije mai ɗaure da tsumma ta ɗaga.

"Shi tuƙi ya yi. Wannan ce ta kawo ni. Dije sunanta, 'yata ce."

Dije ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa.

A hanyar komawa ruwan farko ya sauko, ƙamshin ƙasa ya cika motar. Muna tsakiyar fili, babu kwari, babu dabba, babu kowa, sai Inna ta daka mini tsawa.

"Auta, tsaya!"

Na taka da ƙarfi, motar ta tsaya cak, har goshinmu ya kusa taɓa gilashi. Na ce lafiya, Inna? Me kika gani?

"Ba komai," in ji ta, tana gyara zama. "Aikinmu nake dubawa. Mu je."

Sau uku ta yi mini haka kafin mu ga hayaƙin Gangara.